Uwar Ɗakin Jirage: Darasin Gyara Daga Gaɓar Saliyo Zuwa Dajin Faskari

A daminar da ta gabata na je ta'aziyyar wani kawuna a wani ƙauye da ke ƙasar Faskari. Bayan mun bar kwalta mun hau burji, sai muka iske wata motar sintiri a gindin ɗorawa, an ɗora gabanta a kan duwatsu, har ciyawa ta fara tsirowa a ƙarƙashinta. A wurin zaman makoki na haɗu da wani abokin karatuna na firamare wanda yanzu bakanike ne, na tambaye shi labarin motar. Ya yi murmushi ya ce, "Dakta, ai wannan motar lafiyarta ƙalau, yunwa ce ke damunta. Abin da ya lalace a jikinta bai kai kuɗin rago ba, kuma da za a ba ni shi da hantsi, kafin la'asar ta tashi. Amma an ce sai takarda ta je birni ta dawo, yau mako na uku ke nan." A cikin waɗannan makonni uku, in ji mutanen garin, sau biyu ana shiga wani ƙauye da ke maƙwabtaka da su ana kora shanun huɗa.

Tun daga ranar nake ta juya maganarsa a raina, kuma duk lokacin da na tuna ta sai hankalina ya tafi kan wani nau'in jirgin ruwa na yaƙi wanda ba kasafai ake ambatarsa ba, ko a azuzuwanmu na tarihi. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa teku na ɗan lokaci, domin abin da za mu gani a can shi ne abin da ya rasa a gindin ɗorawar nan.

A watan Maris na 1910 wani Bafaranshe mai suna Henri Fabre ya tashi da jirgin sama daga kan ruwa kusa da birnin Marseille, ya kuma sauka a kan ruwan. Wannan irin jirgi, wanda ko dai cikinsa yake kamar kwale-kwale ko kuma ƙafafunsa suke iyo, zan riƙa kiransa agwagwa don sauƙin magana. Amfaninsa a fili yake a wancan zamani da filayen saukar jirage suka yi ƙaranci: duk inda aka sami tafki ko kogi mai faɗi ko lungun teku mai kwanciyar ruwa, to an sami fili. Sai dai agwagwa tana da buƙatu masu yawa. Ruwan gishiri yana cin ƙarfenta, injinta yana son a kwance shi a duba bayan wasu sa'o'i na tashi, tana shan mai sosai, matuƙanta kuma 'yan Adam ne masu bukatar abinci da barci da magani. Idan aka ce sai ta koma babbar tasha a duk lokacin da wani ƙusa ya kwance, to rabin rayuwarta zai ƙare a hanya.

Maganin da rundunonin ruwa suka samo shi ne su ɗauki tashar gaba ɗaya su ɗora ta a kan jirgin ruwa. Wannan jirgi shi nake kira uwar ɗaki. A bayansa akwai ƙatuwar ƙugiya mai ɗaga agwagwa daga ruwa ta ajiye ta a kan dandamali. A cikinsa akwai gareji da injinan yanka ƙarfe da na walda, da rumbun kayan gyara har da injina sukutum na canji, da tankunan man jirgi, da ma'ajiyar bama-bamai, da ɗakin likita, da ofishin duba yanayi, da gadaje da kicin. Yana kuma ɗauke da ƙananan jiragen ruwa masu kai mai da mutane. Idan ya isa wani lungun teku da ba kowa, sai ya jefa anga, ya shimfiɗa wuraren ɗaure agwagi, kafin a kwana biyu wurin ya zama sansanin jiragen sama. Idan yaƙi ya matsa gaba, ya janye angarsa ya bi shi.

Faransa ce ta fara gwada wannan dabara wajen 1912 da wani jirgi mai suna Foudre. A watan Satumba na 1914 jirgin Japan mai suna Wakamiya ya riƙa sauke agwagi a kan ruwa suna kai hari kan Jamusawa a tashar Tsingtao ta ƙasar Sin. Ranar Kirsimeti ta wannan shekarar Ingila ta kai hari yankin Cuxhaven na Jamus da agwagin da jiragen fito guda uku suka ɗauko, waɗanda aka yi wa kwaskwarima don wannan aiki. Ko a lokacin zaman lafiya dabarar ta yi amfani, kuma a nan Afirka ta Yamma aka ga hakan: daga 1934 kamfanin Lufthansa ya riƙa kai wasiƙu tsakanin Bathurst, wato Banjul ta Gambiya a yau, da birnin Natal na Burazil, ta hanyar girke irin waɗannan jiragen ruwa masu shayar da agwagi mai da harba su sama.

Wanda ya fi kusa da mu a cikinsu shi ne Albatross. An ƙera shi a birnin Sydney na Ostireliya, aka saka shi a ruwa a 1928, ya fara aiki a 1929, sannan a 1938 aka miƙa shi ga rundunar ruwan Ingila. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939, sai aka girke shi a Freetown ta Saliyo tare da agwagi samfurin Walrus. Freetown a lokacin ita ce matattarar ayarin jiragen ruwan 'yan kasuwa masu zuwa Ingila daga kudancin duniya, kuma a cikin kayan da ke bin wannan hanya akwai gyaɗarmu da audugarmu da kuzar Jos. Jiragen Jamus masu nutso a ƙarƙashin teku suna farautar waɗannan ayarori. Aikin agwagin Albatross shi ne shawagi kullum a kan mashigin tashar da kewayenta, don maharbi ya san cewa akwai ido a sama. Walrus ba jirgi ne mai sauri ko kwarjini ba. Abin da ya ba shi daraja shi ne yana tashi yau, ya tashi gobe, ya tashi jibi, saboda duk abin da zai lalace a jikinsa akwai mai gyara shi a nan inda yake kwana.

Ƙarshen labarin Albatross ma abin lura ne. Da filayen saukar jirage suka yawaita, sai aka cire masa agwagi aka mai da shi gareji zalla. A watan Yuni na 1944 ya tsaya a gaɓar Normandy ta Faransa yana gyaran ƙananan jiragen da ke sauke sojoji, waɗanda da babu shi da sai an ja su an tsallaka da su Ingila. Ranar 11 ga Agusta na wannan shekara makamin ƙarƙashin ruwa ya same shi, mutane da dama suka mutu a ciki, amma bai nutse ba. Bayan yaƙi ya zama jirgin fasinja mai suna Hellenic Prince, yana kwasar waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu zuwa Ostireliya, har aka wargaza shi a Hong Kong a 1954.

A tekun Fasifik, inda tsibirai suka warwatsu kuma tazara ta yi yawa, Amurka ta ƙera irin waɗannan jirage da yawa, manya da ƙanana. Akwai abu guda da ya faru a can wanda nakan so ɗalibaina su yi tunani a kansa. A ƙarshen watan Mayu na 1942 Japan ta shirya aika manyan agwagi su leƙo tashar Pearl Harbor don sanin ko jiragen Amurka masu ɗaukar jiragen yaƙi suna nan. Shirin shi ne agwagin su sauka a wani keɓaɓɓen wuri mai suna French Frigate Shoals su sha mai daga jiragen ƙarƙashin teku, kamar yadda suka taɓa yi a watan Maris. Da jirgin Japan mai nutso ya isa wurin, sai ya tarar da uwayen ɗakin Amurka sun riga sun jefa anga a can. Aka fasa leƙen. Japan ta shiga yaƙin Midway a farkon Yuni ba tare da sanin cewa abokan gabarta sun riga sun fito suna jiranta ba, ta kuma yi asarar manyan jirage huɗu. Waɗancan uwayen ɗaki ba su ci kowa da yaƙi ba a ranar. Zamansu a wurin shi ne aikin da suka yi. Haka kuma a 1945, kafin babban farmakin Okinawa na ranar 1 ga Afrilu, sai da Amurkawa suka fara kama ƙananan tsibiran Kerama a ƙarshen Maris, suka girke uwayen ɗaki da jiragen gyara, sannan suka buɗe yaƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce wannan duk labarin masu teku ne, mu kuwa mutanen tudu ne. Amma ƙasar Hausa ta taɓa zama uwar ɗaki da kanta. Jiragen sama na farko da suka sauka a Nijeriya a Kano suka sauka, a watan Nuwamba na 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Shekara 15 bayan haka, da Italiya ta shiga yaƙi tekun Bahar Rum ya zama mai haɗari, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatunan katako zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana a yau. A can ake harhaɗa su, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena, su ratsa Sudan har Alƙahira. An fara wannan jigila a watan Satumba na 1940, kuma kafin a rufe ta jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. A kowane zango sai an tanadi mai da ruwa da kayan gyara da masu gyaran, kuma hannayen talakawanmu ne suka share filayen, suka mirgina durom-durom na man. Yaƙin da aka yi a hamadar Masar da Libiya, wani ɓangarensa a filin jirgin Kano aka ciyar da shi.

Kakanninmu da suka je Burma ma sun ga amfanin agwagwa. Bataliyoyi uku na sojan Nijeriya suna cikin rundunar Chindit da aka jefa bayan layin Japanawa a 1944. Da damina ta sauka filayen ƙasa suka zama laka, sai manyan agwagi biyu samfurin Sunderland suka riƙa tasowa daga kogin Brahmaputra suna sauka a tafkin Indawgyi, suka kwashe majinyata da masu rauni na wannan runduna sama da 500.

Tun kafin Turawa ma, magabatanmu sun san wannan hikima. Sarautar Shamaki, mai kula da bargar sarki, ba ado ba ce, domin rundunar dawaki takan tafi ne da masu yankan ciyawa da maƙera da dukawa masu gyaran sirdi da linzami. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, da ya ga hare-haren kan iyaka sun ƙi ƙarewa, sai ya kafa ribaɗoɗi, wato garuruwan tsaro a bakin daga inda mayaƙa ke zaune da iyalansu da sana'o'insu. Shi kansa ya koma Wurno da zama, a can kuma ya rasu a 1837. Ribaɗi uwar ɗaki ce ta tudu.

Yanzu mu dawo gida. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa tana fuskantar dazuzzukan Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Babu mai musun cewa hukumomi sun yi yunƙuri. A watan Yuli na 2020 rundunar sojan ƙasa ta yi bikin ranarta a Faskari, ta kuma ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity daga babban sansanin da ke can. A 2021 jiragen Super Tucano guda 12 da aka sayo daga Amurka suka iso ƙasar nan. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, aka raba mata motoci da babura. Duk da haka, ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. Wanda duk ya zauna da mutanen karkarar nan ya san irin kukan da suka fi yi: mun kira, amma kafin a iso an gama.

Wannan kuka yana da dalilai da yawa, ni dai ɗaya nake son in ɗaga a yau. Ɗan bindiga yana yawo a kan babur ɗin da kowane yaro zai iya kwancewa ya ɗaura a gindin bishiya. Mansa yana zuwa masa a jarka, abincinsa da maganinsa suna iske shi a daji. Wato ya gina tasa uwar ɗakin, kuma tana tafiya da shi duk inda ya nufa. Gwamnati ta gane haka sarai, shi ya sa a ƙarshen Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku. Manufar ita ce a yanke igiyar da ke ciyar da maharin. Tambayar da ta rage ita ce: shin mun ba tamu igiyar irin kulawar da muka ba tasa?

Al'adarmu ta mulki tana son saye fiye da gyara. Ranar raba sababbin motoci akwai rumfa da makaɗa da 'yan jarida. Ranar canza baƙin mai ba mai zuwa. Saye yana da kwangila mai tsoka, gyara kuwa ƙananan kuɗi ne da ake bukata kowane mako, waɗanda suka fi sauƙin maƙalewa a teburin wani. Sakamakon haka shi ne a takarda muna da motoci hamsin, a kan hanya kuwa ƙila sha biyar ke motsi, kuma maharin da ke da masu kai masa rahoto ya fi kowa sanin adadin na gaskiya. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran wani babban kasafi ba. Na farko, kowane rukunin tsaro da ke bakin daga ya sami garejin tafi-da-gidanka: babbar mota guda mai ɗauke da janareto da injin walda da tayoyi da batura da kayan da aka san sun fi lalacewa, tana zagayawa tsakanin sansanoni bisa jadawalin da ba a bayyanawa. Na biyu, a ba shugaban kowane sansani ikon kashe ƙaramin kuɗin gyara nan take, a bincike shi daga baya, maimakon mota ta kwana ashirin tana jiran sa hannu. Na uku, kada a sake sayen mota ko babur sai da yarjejeniyar kayan gyara na aƙalla shekara biyu, kuma a fifita samfurin da kanikawan Funtuwa da Malumfashi suka sani. Na huɗu, a tantance matasan kanikawa na yankin, a horar da su a cibiyoyi irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, a ɗauke su aiki da albashi da inshora. Na biyar, a kusanto da ɗakin tiyata na gaggawa da ma'ajiyar jini, domin wanda ya san idan harsashi ya same shi za a kai shi gaban likita cikin sa'a guda ya fi ƙarfin zuciyar shiga daji. Majalisar dokokin jiha kuma, idan za ta yi tambaya, ta daina tsayawa a kan nawa aka sayo, ta riƙa tambayar nawa ne suka tashi a safiyar yau.

Na san akwai abin da za a ce da ni, kuma yana da nauyi. Za a ce matsalar yankinmu ta samo asali ne daga rashin adalci tsakanin manomi da makiyayi, da cinye burtali da makiyaya, da talauci, da yaran da suka tashi ba boko ba allo, don haka sufana da giris ba za su warkar da ita ba. Na yarda. Uwar ɗaki ba ta taɓa kawo ƙarshen wani yaƙi ba. Amma ko sulhun da wasu al'ummominmu suka rungumi yi, ba ya ɗorewa idan ɓangare ɗaya ya san cewa ɗayan ba ya iya tayar da mota. Za a kuma ce duk abin da aka kai bakin daga ya zama abin hari. Wannan ma gaskiya ne, tarihi ya shaida. Langley, jirgin Amurka na farko mai ɗaukar jiragen sama, wanda aka mai da shi uwar ɗaki a 1937, Japanawa sun hallaka shi kudu da tsibirin Java ranar 27 ga Fabrairu 1942, yana ɗauke da jiragen yaƙi 32, saboda an tura shi ba tare da kariya ta sama ba. Darasin Langley shi ne a tsare gareji kamar yadda ake tsare ma'ajiyar makamai, a kuma tantance duk wanda zai shiga cikinsa, domin bakanike ɗaya maci amana ya isa ya sayar da sansani.

Zamanin agwagi ya wuce. Filayen saukar jirage sun cika duniya, jirage masu saukar ungulu sun karɓe sauran aikin, kuma rundunar ruwan Amurka ta yi ritayar uwar ɗakinta ta ƙarshe mai irin wannan aiki, Currituck, a 1967 bayan ta yi aiki a Biyetnam. Amma tunanin da ya haife su yana nan a kowace runduna da ta san abin da take yi: a kai mai gyara kusa da abin da zai lalace.

Kafin in baro ƙauyenmu na sake bi ta gindin ɗorawar. Motar tana nan, wasu awaki biyu suna kwance a inuwarta. Abokina bakanike ya rako ni har bakin hanya, ya ce, "Dakta, ku da kuke rubutu a jarida, ku gaya musu ba sabuwa muke roƙo ba. A tayar mana da wadda ke nan." Na yi masa alkawari, ga shi na cika. Allah Ya zaunar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa lafiya, Ya sa manomi ya kwana a gidansa ya wayi gari a gonarsa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.